Ƙayar Karaba: tsakanin gatana da Kirikou

A Abala na fara jin labarin yaron da ya yi magana tun yana cikin uwa. Kakata ce ta ba mu shi bayan sallar isha'i, muna baje bisa tabarma. Da na je karatu Yamai na sake kallon "Kirikou et la Sorcière", fim ɗin zane da Michel Ocelot ya fitar a 1998, sai na ce: ashe ɗan gidanmu ne ya je Faransa ya dawo da sabon suna.

Ocelot bai ɓoye ba. Ya yi ƙuruciyarsa a Gine, kuma mafarin labarin ya samo shi cikin gatanan Afirka ta Yamma da wani jami'in mulkin mallaka, Equilbecq, ya tattara a farkon ƙarni na 20. A can, yaron ya kashe mayyar, magana ta ƙare. Irin wadda na sani a Kurfai ma haka take: mayya mayya ce, ba mai tambayar yadda aka yi ta zama haka.

A nan fim ɗin ya raba hanya da gatana. Kirikou ya nace sai ya san dalilin muguntar Karaba. Kakansa da ke bayan dutse ya gaya masa cewa wasu maza ne suka danne ta, suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya. Yaron ya cire ƙayar da haƙoransa. Mazan garin da aka ce ta cinye, ashe gumaka ta mayar da su, kuma suka dawo.

Wallahi a wannan gaɓar ina bayan fim. Mu duka mun san tsohuwar da aka ce kada a ci abincinta, a kama hannun yaro in ta gifta. Gatana ta koya mana gudunta. Kirikou ya koya wa ƙannenmu su tambaya: wa ya fara cutar da ita?

To amma, a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, akwai asarar da na gani. Bakin kakata cike yake da amsa-kama: yaro ya faɗo tim, mayya ta taho buguzum-buguzum, gari ya yi tsit. Fim ya bar wa hoto wannan aikin, maganar kuma Faransanci ce shimfiɗaɗɗiya. Kiɗan Youssou N'Dour na da daɗi, sai dai ba ya jiran amshinka. Ita kuwa tsohuwa in ta ɗauko waƙa, dole mu amsa, in ba haka ba ta yi shiru. Ta kan canza ƙarshen labari don ta ja kunnen wanda ya yi laifi da rana. Fim, ko sau goma ka kalla, bai san ka ba.

Ƙarshensa ma ban gamsu ba. An cire ƙaya, Karaba ta sumbaci yaro, ya girma nan take, sai aure. Mace ta sha wannan azaba, shi ke nan ladarta miji?

Ƴan uwa, hutu ya kusa. Duk mai komawa Filinge, Abala ko Sanam, ya kunna rikodar salularsa gaban kakarsa, da izininta. In ta kai wurin mayya, ya yi mata tambayar Kirikou, ya kawo mana amsar.