Mai Ba da Amsa ko Abokin Bincike? Nazari kan Hanyar Animasiyo a Ƙasar Magarya

Tun farkon shekarun 1960 gwamnatin Nijar, da taimakon ƙungiyar IRAM ta Faransa, ta ɗauki wata hanya da aka kira animasiyo, watau farkar da mutanen karkara su tattauna matsalolinsu da kansu. Kowane gari ya zaɓi mutanensa, a yi musu horo na ƴan kwanaki, su koma gida su zama kunne da bakin jama'a. Masu bincike da yawa sun yaba wannan tsari, musamman Guy Belloncle wanda ya yi aiki da hukumar UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Yabon yana da tushe, amma a ganinmu ya wuce abin da aka samu.

Inda tsarin ya yi ƙarfi shi ne kasuwannin gyaɗa. Daga 1966 aka fara barin manoman Damagaram da Maraɗi su riƙe kasuwa da kansu: mai auna nasu ne, mai rubutu nasu ne, ribar da ta rage a ƙarshen kaka kuwa a mayar wa garuruwa. Nan ne yaƙi da jahilci ya sami dalili, domin wanda ya iya karanta sikeli da takardar lissafi ba a cutarsa da sauƙi. Abin lura shi ne, a wannan wuri manomi yana tara bayani, yana duba shi, yana kuma amfani da shi. Wannan shi ne bincike tare da jama'a, ko da yake ba a kira shi haka ba.

A sauran fannoni lamarin ya sha bamban. Tambayoyin da ake kaiwa garuruwa irin su Guci, wadda a lokacin take cikin ƙasar Magarya kafin a yanke Dungas a 2011, da Faransanci ake tsara su. Tafinta ya juya su zuwa Hausa a tsaye, ya sake juya amsa, rahoto ya fito da Faransanci ya tafi Yamai. Wanda aka tambaya ba ya ganin abin da aka rubuta da sunansa, balle ya gyara. Kalma guda kan ɓatar da lissafi: gandu da gayauna duk gona ce a takardar mai tambaya, alhali mai gida ke da iko da na farko, mace ko saurayi da na biyu. Wanda bai raba su ba, bai ƙirga noman mata ba. Ga kuma zaɓen wakilai, da sau da yawa yakan faɗa hannun maigari, ya turo na kusa da shi. Sannu a hankali animasiyo ya koma hanyar saukar da umurnin hukuma, maimakon ɗaukar magana daga ƙasa zuwa sama.

Labarin gawo ya isa misali. Rahoton da Larwanou, Abdoulaye da Reij suka fitar a 2006 ya nuna yadda manoman Magarya, Matamai da Mirya suka raya itatuwa a gonakinsu a fili mai kusan hekta miliyan 1, ta hanyar barin tsiro ya girma. Shekaru suka yi suna wannan aiki kafin ya shiga takarda, kuma rahoton ma da Faransanci ya fito.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, abin da ya biyo baya a sarari yake. Ya kamata a rubuta tambayoyi da Hausa tun farko, tare da waɗanda suka gama ajin manya a garin, a yi zama na mata dabam, a kuma karanta sakamako a dandali kafin a buga shi. Gyaran da jama'a suka yi ya shiga cikin rahoto. Takardun nan kuma su zauna a garin su zama abin karatu, domin ɗaliban ajin manya sun daɗe suna mance harufa saboda rashin abin da za su karanta bayan an rufe aji.