Emmet, gwanin gane nufi

Duk wanda ya taɓa zama yana buɗe tag yana rufe tag a HTML har yatsunsa suka yi tsami ya san darajar Emmet. Rubuta ul>.abu*3, danna Tab, sai ga jeri ya fito cif: ul guda, li uku a cikinta, kowanne a rufe. Duba da kyau, ba inda ka rubuta li. Emmet ne ya dubi uwar, ya ga ul ce, ya san li take haifa. Kai, madalla da wannan basira!

Haka yake yi ko'ina. Cikin table ya ba ka tr, cikin tr ya ba ka td, cikin select ya ba ka option, cikin em kuma span. Sai inda bai sami madogara ba yake komawa ga div.

Ba raina na gaba nake ba. Haml, wanda Hampton Catlin ya fitar a 2006, ya koya wa jama'a cewa ɗigo da suna kaɗai sun isa, div zai fito. Pug, mai tsohon suna Jade, ya gaji wannan. Sai dai su biyun ba ruwansu da inda kake, ko a tsakiyar ul ka ajiye ɗigon, div za su miƙa maka. Suna da hujja kuwa: a wurinsu gajeren rubutun shi ne ke zama a fayil, don haka in harshen ya fara canki-canki, matsar da layi guda zai iya sauya tag ba ka sani ba. Emmet ya kauce wa wannan tarko. Nan take yake warware rubutun a gaban idonka, in ya kuskure nufinka ka gyara kafin ka ƙifta ido. Shi ya sa yake da ƙarfin halin yin hasashe.

Vadim Makeev ne ya faro shi a 2008 da sunan Zen Coding, Sergey Chikuyonok ya raine shi, yau kuma a cikin VS Code yake zuwa, ba sai ka girka komai ba. Ƙa'idarsa daga CSS aka aro ta, saboda haka ɗigo da # tsofaffin sani ne. Alamar $ tana jera lambobi da kanta, alamar motsin rai guda kuwa ta shimfiɗa maka ƙashin shafi sukutum.

Aibinsa? In layi ya yi tsawo, alamar ^ ta yi yawa, kai ma sai ka rikice. To, raba shi biyu mana!