Numfashi da Rashinsa: Teremin da Obo a Kiɗan Natsuwa

A shekarar 1944, Bohuslav Martinů, mai tsara kiɗa ɗan Cekoslobakiya da yaƙi ya koro zuwa Amurka, ya rubuta Fantasia, inda ya haɗa teremin da obo da fiyano da goge huɗu, bisa buƙatar makaɗiyar teremin Lucie Rosen. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya gano a lokacin shi ne ma'aunin da ya dace a auna masu gwada wannan haɗi a yau.

Teremin, wanda Leon Theremin ya ƙirƙiro a Rasha wajen 1920, ba a taɓa shi da hannu. Makaɗi kan kusanto da damansa ga wata sanda don sauti ya hau, ya ɗaga hagunsa daga wani zobe don ya ƙara ƙarfi. Sautin zamewa yake yi babu gaɓa, kuma ba ya gajiya muddin akwai lantarki. Obo kuwa dangin algaita ne, da ƙirji da leɓe ake ciyar da shi. Ko gwanin da ya iya jera busa ba yankewa, kamar yadda masu algaita kan yi, sai an ji wahalar jikinsa a cikin sautin. Martinů ya bar muryoyin biyu suna kusantar juna har su kusa sajewa, amma bai bari ɗaya ta haɗiye ɗaya ba.

A nan ne kiɗan natsuwa ke shiga tsaka mai wuya. Tun da Brian Eno ya fitar da Music for Airports, manufar wannan salo ita ce ya cika wuri ba tare da ya tilasta wa kunne saurare ba. Don haka masu shi kan lulluɓe kowace murya da amsa-kuwwar na'ura. Idan lulluɓin ya yi kauri, farkon busar obo yakan narke, gurbin shan iska ya toshe, obo ya koma teremin na biyu.

Na'ura ba ta da laifi idan ta tsaya a matsayin shimfiɗa, tana riƙe da amo mai zurfi a ƙasa. Sai dai mai nazari ya kasa kunne ya nemi inda mabushi ya sha iska. In ya rasa, to an yi asarar dalilin gayyato obo tun farko.