Gem ɗin Awa 100: Haƙurinmu ne Ya Ƙare, ko Ciko ne Ya Yi Yawa?

Akwai wani koke da ya yawaita a bakin 'yan gem da suka fara manyanta. Ka ɗauki wanda ya buga Final Fantasy VII a 1997 yana ɗan shekara 13, ya cinye faifansa uku ko gajiya bai yi ba. Yau ya haura 40, ya sayi sabon gem irin wancan da guminsa, amma kafin ya yi awa goma sai ya ajiye shi, shi ke nan an rabu. Ka tambaye shi dalili, zai ce maka tsufa ne, ko kuma waya ce ta lalata masa hankali. Kuma irinsa suna da yawa: rahoton 2024 na ƙungiyar kamfanonin gem ta Amurka, ESA, ya ce matsakaicin shekarun mai buga gem a ƙasar 36 ne.

Ni dai ban gamsu da wannan hukuncin da suke yanke wa kansu ba. A ganina laifin ya fi karkata ga yadda ake gina wasannin. Ka biyo ni ka ji hujjojina.

Wane irin gem muke magana a kai?

Idan iyakar saninka da gem shi ne ƙwallon da ake bugawa a shagon unguwa, inda minti goma ya isa a tashi wasa, to wannan wata duniya ce daban. RPG wasa ne na labari. Za a ba ka jarumi mai rauni, ka riƙa yawo da shi gari-gari, kana hira da mutane, kana yaƙi da dodanni. Kowane yaƙi yana ba ka maki, makin yana ɗaga matakin jarumin, har ya yi ƙarfin tunkarar bos. Wasu ana gama su a awa 20. Wasu kuwa, irin su Persona 5 na kamfanin Atlus da ya fito a Japan a 2016, sai ka ba su kusan awa 100.

Shin hankali ne ya ragu?

Wataƙila ka taɓa jin cewa wai ɗan Adam na yanzu daƙiƙa takwas kawai yake iya tattara hankalinsa, har ƙaramin kifi ya fi shi. Maganar ta bazu ne daga wani rahoton talla na Microsoft reshen Kanada a 2015, kuma da masu bin diddigi suka nemi binciken da aka jingina ta da shi, ba su same shi ba.

Binciken da ya fi ƙwari ya nuna akasin abin da 'yan gem ɗin nan ke zato. A wannan shekarar dai ta 2015, Francesca Fortenbaugh da abokan aikinta a Boston sun gwada mutum sama da 10,000, 'yan shekara 10 zuwa 70. Gwajin mai gundura ne da gangan: hotuna suna ta sauyawa, ka danna idan ka ga birni, ka ɗage hannu idan ka ga tsauni. Ka san su wa suka fi iya riƙe hankalinsu? 'Yan shekara 40 da ɗoriya. Wato daidai shekarun da mutumin namu yake cewa hankalinsa ya tafi.

To in ba hankali ba ne, mene ne?

Na farko lissafi ne mai sauƙi. Ɗalibin da yake hutu, yana buga awa huɗu kullum, zai gama gem ɗin awa 100 a kwana 25. Magidancin da yake samun awa biyar a mako, bayan aiki da hidimar gida, sai ya yi mako 20, kusan wata biyar. Gem ɗaya ne, amma farashinsa a rayuwar mutanen biyu ya sha bamban.

Kuma tsinkewar tana da tata illar. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin zubewa idan ba a maimaita shi ba. Ka yi kwana goma ba ka taɓa gem ba, ka dawo ka tarar da kanka tsaye a tsakiyar wani kogo, ba ka tuna wa ya aiko ka ba, ba ka ma tuna maɓallin da ke buɗe jaka ba. Dragon Quest XI da The Witcher 3 sun gane wannan, shi ya sa suke tuna maka inda labari ya tsaya idan ka kunna. Da yawa ko oho.

Daga ina cikon ya samo asali?

A nan ne sukata take. Akwai bambanci tsakanin wasa mai tsawo, da wasa mai tafiya a hankali, da wasan da aka cika da ciko. Ciko shi ne duk awar da ka ɓata ba ka ga sabon abu ba, ba ka yanke wata shawara ba, ba ka koyi komai ba.

Asalinsa yana da uzuri. Dragon Quest na farko, wanda Yuji Horii ya tsara a 1986, gaba ɗayansa kilobayit 64 ne. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka shi sau da yawa. Babu wurin zuba garuruwa masu yawa, don haka hanyar tsawaita wasa ita ce a sa ka yi ta kashe dodanni iri ɗaya har ka tara maki. 'Yan gem suna kiran wannan da kalmar Turanci mai ma'anar niƙa, kuma sunan ya dace. A lokacin dabarar tana da wani alheri: ko hannunka ba shi da sauri, in dai kana da naci, za ka kai ƙarshe. Mai haƙuri yakan dafa dutse kenan.

Matsalar ita ce uzurin ya kau, al'adar ta zauna. Dragon Quest VII na shekarar 2000 ya shahara da cewa sai ka yi awa biyu ko fiye kana kai-komo kafin yaƙin farko. Persona 5, duk da kyan salonsa da kiɗansa, yana da wata ɗabi'a mai cin rai: za ka ga abu ya faru da idonka, sai jaruman su zauna su tattauna shi, da dare kuma su sake maimaita maka shi ta saƙon waya. Final Fantasy VII Remake na 2020 ya ɗauki birnin Midgar, wanda a wasan asali awa biyar zuwa bakwai ne, ya shimfiɗa shi ya haura awa 30. Wani ɓangaren ƙarin ya yi armashi, domin mutane irin su Jessie sun samu labarinsu. Amma a ciki har da neman kuliyoyin wata yarinya, da jan ƙarfe da hannun inji a wata rusasshiyar hanya. Duniya na shirin halaka, kai kana neman mage.

Me ya sa a da bai dame su ba?

Dalili biyu nake gani, kuma duka daga ƙwaƙwalwa suke.

Na ɗaya, sabo. Wolfram Schultz ya auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin a jikin birai. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sai su harba da ƙarfi. Da zarar ya koyi cewa ladan na tafe, isowar ladan ba ta ƙara motsa su. Abin da suke amsawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. A kan birai aka yi aikin, don haka ka ɗauke shi a matsayin haske kawai, amma hasken ya dace da maganarmu. Yaron da ya fara ganin jaruminsa ya hau mataki, abin mamaki ne a wurinsa. Wanda ya gama irin wasannin nan talatin ya riga ya san garin jarumi zai ƙone, ya san akwai kogon ƙanƙara da na wuta, ya san aminin sarki ne maci amana. Ba abin da ya lalace a kansa. Ya ƙware ne.

Na biyu, tunanin baya yana da ha'inci. A 1993 Daniel Kahneman da abokansa sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen kuma aka ƙara musu daƙiƙa 30, amma ruwan ya ɗan yi ɗumi zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita, akasarinsu sun zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi yawa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ƙololuwar abu da ƙarshensa, ba ta cika damuwa da tsawonsa ba. Shi ya sa tsohon ɗan gem yake tuna mutuwar Aerith da yaƙin ƙarshe da Sephiroth, ya manta awannin da ya yi yana zagaye a fili yana jiran dodo ya fito. Cikon yana nan tun da can. Tunaninsa ne ya tace shi.

Su kansu kamfanonin sun amsa laifi

Ba sai ka yarda da ni ba, ka dubi abin da suke yi. Da aka sake fitar da tsohon Final Fantasy VII a PlayStation 4 a 2015, an saka masa maɓallin ninka gudu sau uku, da na kashe yaƙe-yaƙen kan hanya ɗungurungum. Final Fantasy XII: The Zodiac Age na 2017 yana gudu har ninki huɗu. Da aka sabunta Dragon Quest VII a na'urar 3DS, an rage tsawon farkonsa. In da kowace awa tana da daraja, me zai sa a ba ka hanyar tsallake ta?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Assassin's Creed Odyssey na Ubisoft a 2018. A cikin wasan akwai shago da ake sayar da abin ƙara maki da kashi 50 cikin 100, a kan kimanin dala 10. Ka lura da kyau: ka biya kuɗi ka sayi gem, sannan a ce ka ƙara kuɗi domin ka rage lokacin da za ka yi a cikinsa. Duk inda mai gina hanya yake da shagon gyaran taya a gefenta, ai dole ka yi tambaya game da ramukan.

Tafiya a hankali ba laifi ba ce

Kada ka fahimce ni a kan cewa gajeren wasa ne kawai mai kyau. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, wanda ya lashe kyautar gwarzon gem na 2023, yana iya cin awa 100 shi ma, kuma yaƙinsa bi-da-bi ne, ba gaggawa. Amma kusan kowane yaƙi an tsara shi da hannu, kuma abin da ka zaɓa a hira yana iya sauya wanda zai rayu da wanda zai mutu. Disco Elysium na 2019 kuwa kusan karatu ne zalla: ɗan sanda ya farka bai san ko sunansa ba, yana bincike a 'yan tituna kaɗan. Ba shi da sauri ko kaɗan, amma da wuya ka samu minti goma da ba a faɗa maka wani sabon abu ba.

Ta ɗaya ɓangaren, Chrono Trigger ya nuna tun 1995 cewa ana iya ba da cikakken labari a awa 20 da 'yan kai, kana ganin dodanni a fili kafin ka shiga yaƙi. Clair Obscur: Expedition 33, wanda wani ƙaramin kamfani a Montpellier ta Faransa ya fitar a 2025, ya bi wannan sawun: labarinsa kimanin awa 30 ne, kuma ko a lokacin da abokin gaba ke kai hari dole ka kauce ko ka tare da hannunka, babu zaman kallo.

Ma'aunin da nake ba ka shawara ka riƙe shi ne: a awar da ta wuce, sau nawa wasan ya sa ka tsaya ka yi tunani, ko ya nuna maka abin da ba ka zata ba? In amsar ita ce babu, kuma haka awar da ta gabace ta, to ciko kake ci.

In ka gane haka, ka ajiye

Abin da ke hana mutane ajiyewa shi ma an yi bincike a kansa. A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer sun ba da rahoton wani gwaji da tikitin kallon wasan kwaikwayo na shekara a Jami'ar Ohio. Wasu sun biya cikakken kuɗi, dala 15, wasu an yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakke sun fi zuwa kallo a rabin farko na shekarar. Wasannin iri ɗaya ne, zafin kuɗin da ya fita ne ya tura su. Haka kai ma za ka ji zuciyarka na cewa, na riga na zuba awa 40, bari in ƙarasa. Awa 40 ɗin nan ta tafi ko ka ƙarasa ko ba ka ƙarasa ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne awa 60 da ke gaba.

Saboda haka kafin ka saya, ka duba tsawon wasan a HowLongToBeat, ka raba da awannin da kake samu a mako. In akwai maɓallin gudu ka danna, in akwai mataki mai sauƙi ka zaɓa, ba abin kunya ba ne. Su kuma masu yin gem, lokaci ya yi da za su daina tallar yawan awanni kamar wata kyauta. Yaran da suka rene su da niƙa sun girma, su ne masu kuɗin saye yanzu, kuma abin da ya fi musu tsada shi ne daren Asabar ɗaya da suka samu bayan yara sun yi barci.