Jinjina ga Masu Faci

Tayar Beljiyam ta fi sabuwa araha, shi ya sa direbobin tasi ke tururuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Amma in an saya, sauran aiki na hannun mai faci da ke bakin titi da injin iskarsa.

Ka tsaya ka kalle shi. Zai shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, ya sa ƙarfe biyu ya murɗa ta kan rim, ya buga iska har ta yi ƙara ta zauna daram. Sai ya yayyafa ruwa yana neman kumfa, ko akwai inda take yoyo. Gwanin cikinsu ba ya ɗaura taya sai ya duba lambobi huɗun nan na gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ta tsufa ko gefenta ya tsattsage, zai ce, "Alhaji, wannan ba za ta kai ka Zariya lafiya ba," ko da zai rasa kuɗin ɗaurinsa.

Balansin kuwa sai mai inji, wanda ke maƙala 'yan guntayen dalma a bakin rim don kada sitiyari ya riƙa karkarwa a babbar hanya.