Littattafan Tarihinmu Sun Tsallake Maƙabarta

Duk wanda ya karanta Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, ya san turbar da marubuta tarihin garuruwanmu suke bi har yau: wane ya hau, ya yi yaƙi, ya shekara kaza, ya rasu, wane ya gaje shi. Littafi ne mai daraja, Hausarsa kuma garau. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne almajiransa, waɗanda tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 suke ta fitar da 'yan littattafan tarihin masarautu da gundumomi, amma ba su san wani mamaci ba sai mai rawani.

Mu ɗauki maƙabartar Katolika ta ƙauye, irin wadda ake samu inda Maguzawa suka karɓi Kiristanci a ƙasar Kano. Kada mai karatu ya zabura. Ba zancen aƙida nake ba, zancen hujja nake. Mu nan Miga da sauran ƙasar Dutse, kabarin Musulmi ƙasa ce da itace da katangar tukunya. Damina kaɗan ya baje, sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Su kuwa Katolika sukan kafa gicciye, su rubuta suna da shekara, fada ya shigar da mamacin a littafin coci, kuma kowace 2 ga Nuwamba suna tunawa da matattunsu. Ga wanda ya iya karanta wuri, wannan kundi ne a fili. Sunan baftisma kusa da na gargajiya, Bulus tare da Nomau ko Tanko, zai nuna masa lokacin da gida ya sauya addini. Kaburburan yara da suka taru a shekara guda za su sa ya tambayi sanƙarau na 1996 ko farin 1973, masifun da ba su tambayi addinin kowa ba.

Su ma masu rubutun Turanci ba su fita ba. E.P.T. Crampton, a littafinsa na 1975 kan Kiristanci a Arewacin Nijeriya, hankalinsa ya fi karkata ga 'yan mishan da gwamnatin Turawa da sarakuna. Manomin da aka binne a bayan coci bai samu shiga sosai ba. Richard Gray kuwa ya tono labarin limaman Katolika biyu, Carlo da Genova da Severino da Silesia, da suka taso daga Turabulus suka mutu a Katsina a 1711. Aiki ne mai kyau, amma daga takardun Roma ya fito, kuma a 1967 aka buga shi cikin mujallar da ɗan sakandare ba zai taɓa gani ba. Hatta kabarin Kyaftin Phillips, Maitumbi, da ke Haɗeja ya fi na talakawan nan samun ambato, don shi Bature ne mai bindiga.

Na san abin da ke hana mu: tsoron a ce wane ya shiga maƙabartar wasu. To, amma lokaci ba ya jira. Gara tana cin gicciyen itace, gonaki suna matsowa, dattawan da suka san wanda ke kwance a ko'ina suna ƙarewa. Yankin Katolika na Kano, wanda ya zama cikakkiyar diyosis a 1999, ya haɗa har da Jigawa, don haka marubucin da ke Dutse ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya nemi izinin duba littattafan.