Sharhi a Kan Binciken Salsalar John Rolfe na Bajiniya

Manufar wannan maƙala ita ce auna hujjojin da aka gina salsalar John Rolfe a kansu. Rolfe yana cikin Turawan Ingila na farko da suka kafa zango a Jamestown. Ya isa can a 1610, bayan jirginsu ya dagargaje a gaɓar Bamuda a 1609. Ya shahara da noman taba, ya kuma auri Pocahontas, 'yar sarki Powhatan, a 1614. Ya rasu a 1622.

An daɗe ana danganta shi da ƙauyen Heacham na lardin Norfolk. Madogarar wannan ra'ayi ita ce rijistar cocin ƙauyen, inda aka rubuta baftismar wani John Rolfe a 1585. Sai dai hujjar tana da rauni. Takardun Kamfanin Bajiniya na 1622 sun nuna cewa Rolfe na Jamestown yana da ɗan'uwa mai suna Henry, wanda ya riƙi ɗansa Thomas a Ingila, alhali kuwa babu Henry cikin 'ya'yan gidan Heacham da rijistar ta ambata. Ke nan, daidaituwar suna da kusancin zamani ne kawai suka haɗa mutanen biyu, kuma John suna ne gama-gari a Ingila ta wancan ƙarni.

Ɓangaren zuriya ya fi inganci. Littafin Wyndham Robertson na 1887 ya bi ta daga Thomas zuwa 'yarsa Jane, wadda ta auri Robert Bolling a 1675. Amma Robertson, tsohon gwamnan Bajiniya, ɗan wannan zuriya ne, don haka wajibi ne a karanta aikinsa da lura, domin mai yabon gidansu ba ya zama alƙali.

Al'amarin bai tsaya ga alfahari ba. Dokar launin fata ta Bajiniya ta 1924 ta ƙidaya mai jinin 'yan asalin ƙasar da bai wuce kashi 1 cikin 16 ba a matsayin farar fata, saboda manyan gidajen da ke tinƙaho da Pocahontas. Wato salsala ta shiga cikin abin da ke tantance wanda mutum zai iya aura.

A taƙaice, nasabar Rolfe ta ƙasa tana da madogara, ta sama kuwa zato ce da yawan maimaitawa ya ba ta kamannin gaskiya. Wajibin manazarci ne ya bambance abin da takarda ta tabbatar da abin da zuriya take fata.